Tafiyar Igiyar Rediyo Mai Dogon Zango Tsakanin Ƙasa da Sama



Shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, injiniyoyi da ma'aikatan gidajen rediyo, ɗalibai maza da mata, da sauran jama'ar da suka halarta, ina yi muku barka da zuwa. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan taro da suka ba ni damar yin magana a kan wani fanni na ilimi da ya shiga kowane gida a ƙasar Hausa, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka yi nazarinsa.

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi da akwatin rediyo a gidansu ya san abubuwa uku, ko da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Tashar FM tana fita tangaran a cikin gari, amma da mota ta yi nisa sai ta fara shashsheƙa har ta ɓace. Tashar matsakaicin zango da ba a kama ta da rana, da an yi sallar isha'i sai ga ta raɗau, har da wasu tashoshin Larabci da Faransanci da ba a san daga inda suka fito ba. Gajeren zango kuwa yana kawo muryar da ta taso daga wata nahiya, sai dai mitar da ta yi kyau da safe ba lallai ta yi kyau da dare ba.

Waɗannan abubuwa ba sa faruwa haka kawai. Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, ƙarfin tasha kaɗai ba ya kai murya nesa. Ƙasar da muke takawa, da wata shimfiɗa ta iska mai ɗauke da lantarki can sama, da rana da ke gina shimfiɗar nan kullum, su ne ke ɗaukar igiyar. Kuma mu a wannan yanki muna zaune a ƙarƙashin wani ɓangare na samaniya da ya bambanta da na sauran duniya, don haka nazarinsa ya zama haƙƙi a wuyanmu.

Zango da yawan kaɗawa

Igiyar rediyo da hasken da ido ke gani jinsi ɗaya ne. Dukansu kaɗawar lantarki da maganaɗisu ce, kuma suna gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya. James Clerk Maxwell ne ya gano haka ta lissafi a shekarun 1860, sannan Heinrich Hertz ya tabbatar da shi a ɗakin gwaji a Jamus a 1887 da 1888. Da sunansa ake kiran ma'aunin yawan kaɗawa, wato haz. Kaɗawa dubu a sakan kilohaz ɗaya ce, miliyan kuma megahaz ɗaya.

Zango shi ne tazarar da igiyar ke ci a kaɗawa guda. Lissafinsa ba wuya: a raba gudun haske da yawan kaɗawa. Tashar FM mai megahaz 100 zangonta mita 3 ne. Kilohaz 6090, inda masu sauraro suka daɗe suna kama Rediyon Kaduna, zangonsa mita 49, kuma wannan ita ce «mita 49» ɗin da muke ji a bakin masu gabatarwa. Kilohaz 594 ya ba da kusan mita 505. Idan aka sauko zuwa kilohaz 200, zango ya kai kilomita ɗaya da rabi. A kilohaz 24 kuwa, kaɗawa guda ta ci kilomita 12 da rabi.

Masana sun kasa waɗannan igiyoyi gida-gida. Daga megahaz 3 zuwa 30 gajeren zango ne. Daga kilohaz 300 zuwa 3,000 matsakaici. Daga 30 zuwa 300 dogon zango. Daga 3 zuwa 30 kuma zango mai tsananin tsawo. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne jigon maganarmu, amma sai an jera su da 'yan'uwansu ake gane halinsu.

Abin da ya ɗaure wa masana kai

Ranar 12 ga Disamba, 1901, Guglielmo Marconi yana garin St. John's a tsibirin Newfoundland, a cewarsa ya ji ɗigo uku na harafin S da aka bugo daga tasharsa ta Poldhu a kudu maso yammacin Ingila. Tazarar ta kusa kilomita 3,500. Masana da dama suka ƙi yarda, kuma suna da hujja. Haske a miƙe yake tafiya, duniya kuwa a dunƙule take. Tsakanin wuraren nan biyu, tudun da lanƙwasar teku ta yi ya haura kilomita 200. Ta ina igiyar ta bi?

A farkon 1902 Marconi ya sake gwaji a cikin jirgin ruwa mai suna Philadelphia, wannan karon na'ura tana rubuta saƙon a takarda. Sai ga wani sabon al'amari: da rana saƙon ya tsaya a wajen kilomita 1,100, da dare kuwa ya wuce kilomita 3,000. A shekarar ce Arthur Kennelly a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo shawarar cewa akwai wata shimfiɗa a sama mai ɗaukar lantarki, ita ke maido da igiyar ƙasa.

Aka shekara 22 ba wanda ya tabbatar. Sai a Disamba 1924 Edward Appleton da ɗalibinsa Miles Barnett suka yi amfani da tashar BBC ta Bournemouth bayan an rufe shirye-shirye. Suka sa ana sauya yawan kaɗawar tashar a hankali, su kuma suna aunawa a Oxford. Sautin ya riƙa ƙaruwa yana raguwa, alamar igiya biyu ce ke isowa, ɗaya ta bi ƙasa, ɗaya ta yi zagaye ta sama. Da suka ƙirga hawa da saukar, lissafi ya nuna musu shimfiɗar tana wajen kilomita 100 a sama. A 1925 Gregory Breit da Merle Tuve a Amurka suka aika gajerun bugu sama suka auna lokacin dawowarsu, dabarar da har yau ake aiki da ita. Appleton ya karɓi kyautar Nobel a 1947 saboda wannan aiki. Shimfiɗar ita ce ake kira ayonosfiya.

Yadda rana ke gina ayonosfiya

Ban da hasken da muke gani, rana na fitar da wasu haskoki masu kaifi, irin su altarabayolet da eksire. Idan suka bugi ƙwayoyin iskar oksijin da naitirojin a can sama, sai su ɓamɓare musu ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektiron. Waɗannan sakakkun elektiron su ne ke amsa igiyar rediyo: ta kaɗa su, su kuma su sake fitar da igiya, har tafiyarta ta lanƙwaso ƙasa.

Shimfiɗar hawa-hawa ce. Ta ƙasa ita ce D, daga kamar kilomita 60 zuwa 90. Sai E, daga 90 zuwa 150. Sai F daga nan zuwa sama, wadda ta fi kowacce yawan elektiron a wajen kilomita 300, inda sukan kai tiriliyan ɗaya a kowace mita murabba'i mai zurfin mita. Akwai ƙa'ida a nan: gwargwadon yawan elektiron, gwargwadon yawan kaɗawar da shimfiɗa ke iya maidowa. Da wancan adadi, F na maido da igiyar da aka harba mata kai tsaye har zuwa kamar megahaz 9, idan kuma a karkace aka harba, har ninki uku na haka. Igiyar FM ta wuce wannan iyaka nesa, saboda haka takan huda ta tafi sararin Subhana. Abin da ya rage mata shi ne iyakar hangen eriyarta. Turke mai tsawon mita 100 hangensa bai wuce kilomita 40 da ɗan wani abu ba.

Ina roƙon ɗalibai su riƙe D da kyau, domin ita ce mabuɗin laccar. A can iska na da ɗan kauri idan aka gwada da na sama. Elektiron da igiya ta kaɗa yakan yi karo da ƙwayoyin iska sau miliyoyi a sakan, kuma kowane karo yana mai da ƙarfin igiyar zafi. Wato D tana shanye igiya. Saboda cunkoson nan kuma, da rana ta faɗi elektiron ke komawa jikin ƙwayoyinsu, D ta kusa ɓacewa baki ɗaya. A F kuwa iska ta yi siriri ƙwarai, ƙwayoyi ba sa saurin haɗuwa, shi ya sa take kwana da ƙarfinta har gari ya waye.

Hanyoyin da igiya ke bi

Hanya ta farko ita ce ta doron ƙasa. Igiya mai dogon zango tana manne wa ƙasa, tana bin lanƙwasar duniya, tana tsallake tsauni da gini domin sun yi mata ƙanƙanta. Tana tafe tana tayar da 'yar wutar lantarki a cikin ƙasar da take ratsawa, kuma nan take asarar ƙarfi. Ruwan teku mai gishiri ya fi busasshen yashi ɗaukar lantarki sau dubbai, don haka igiya ta fi nisa a kan teku, sai fadama da ƙasa mai laima, sai can baya jigawa da dutse. Gwargwadon tsawon zango kuma, gwargwadon ƙarancin asarar. Babbar tashar dogon zango na iya kai kilomita 1,000 ta wannan hanya kaɗai, dare da rana ba bambanci. Wannan ne dalilin da ya sa Aljeriya, mai faɗin hamada, ta kafa irin waɗannan tashoshi a Tipaza da Bechar da Ouargla, Maroko kuma ta kafa a Nador.

Hanya ta biyu ita ce ta sama. Igiya ta tashi a karkace, ayonosfiya ta lanƙwaso ta, ta faɗo nesa. Tsalle guda daga E kan kai kilomita 2,000, daga F kuma kusan 4,000, kuma ƙasa na iya sake tura ta sama ta yi tsalle na biyu. Matsakaicin zango shi D ta fi cuta. Da rana tana shanye shi kafin ya kai E, sai tasha ta dogara da hanyar ƙasa kawai. Da dare D ta kau, E ta maido da shi, tashoshin nesa su cika akwati. Idan ta ƙasa da ta sama suka iso wuri ɗaya, wani lokaci su haɗa ƙarfi, wani lokaci su kashe juna. Wannan shi ne muryar da ke tashi tana faɗuwa da dare, kuma shi ne abin da Appleton ya mayar ma'auni.

Gajeren zango yana ratsa D da 'yar asara ya kai F. Sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, ya daɗe yana iso mana ta tashar da ke tsibirin Ascension a tsakiyar Tekun Atilantika, fiye da kilomita 3,000 daga Kano. Da rana ana amfani da gajerun mitoci irin su 16 da 19 saboda sun fi tsallake D. Da dare, da elektiron na F suka ragu, sai a koma 41 ko 49.

Hanya ta uku ta zango mai tsananin tsawo ce, kuma ta fi ban mamaki. Za a zaci D za ta cinye wannan igiya gaba ɗaya, amma ba haka ba ne. Igiyar da zangonta ya kai kilomita 15 ba ta kutsawa cikin D sosai. Yawan elektiron yana ƙaruwa ne cikin 'yar tazara kaɗan idan aka auna da tsawonta, saboda haka daga gefen ƙasa na shimfiɗar take juyowa. Ku ɗauki dogon zaure mai daɓe da rufi: wanda ya yi magana a bakin ƙofa ana jinsa a ƙurya, domin sautin ba shi da mafita. Ƙasa da teku su ne daɓen, D ita ce rufin, mai tsayin kamar kilomita 70 da rana, 85 zuwa 90 da dare. A cikin zauren nan igiya kan yi kilomita 1,000 ba ta rasa fiye da kamar rabin ƙarfinta ba, har ta kai bayan duniya. Maganaɗisun duniya ma na da hannu a ciki: igiyar da ta nufi gabas ta fi wadda ta nufi yamma ƙarancin asara, kuma bambancin ya fi fitowa a yankinmu na tsakiyar duniya.

Iskar da ke kusa da mu fa? Ruwan sama, gajimare da hazon hunturu ba sa yi wa dogon zango komai. Ɗigon ruwa milimita kaɗan ne, igiyar kuwa kilomita. Wanda ruwan sama ke ɗauke wa hoto shi ne mai kallon talabijin ta tauraron ɗan'adam, domin zangon wannan igiya santimita biyu zuwa uku ne. FM kuma wani lokaci takan ci gajiyar iska: idan iska mai ɗumi ta kwanta a kan mai sanyi, igiyar kan lanƙwasa ta kai garin da ba ta saba kaiwa ba.

Masu aiki da dogon zango

Babban abin da ake so a dogon zango shi ne tabbas. Ba ya sauya hali kamar gajere, shi ya sa aka ɗora masa ayyukan da ba sa son kuskure. Tashar DCF77 kusa da Frankfurt tana watsa lokaci a kan kilohaz 77.5, agogo masu yawa a Turai suna saita kansu da ita har nisan kamar kilomita 2,000. Ingila da Amurka na da irinta a kan kilohaz 60. Matuƙa jirgin sama sun daɗe suna neman filin sauka da ƙananan tashoshi masu aiki tsakanin kilohaz 190 da 535.

Kafin zuwan GPS, jiragen ruwa da na sama sun yi amfani da tsarin Omega. Tashoshi takwas kacal, masu aiki tsakanin kilohaz 10 da 14, sun wadaci duniya baki ɗaya. Ɗaya daga cikinsu tana nan Afirka ta Yamma, a Paynesville ta Laberiya, da turke mai tsawon mita 417. An rufe tsarin a 1997.

Jirgin yaƙin da ke nutse a teku ba ya jin gajeren zango, domin ruwan gishiri na kashe shi nan take. Zango mai tsananin tsawo kuwa yana shiga kamar mita 10 zuwa 20. Tashar sojan ruwan Amurka a Cutler tana aiki a kan kilohaz 24 saboda haka. Rasha ta sauka har haz 82 a yankin Kola don ta kai ga jiragen da suka fi zurfi. A Grimeton ta Suwidin akwai tashar da aka gina a 1924, wadda wani katafaren inji mai juyawa ke samar mata da igiya a kilohaz 17.2. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2004, kuma ana tayar da ita a wasu ranaku na musamman.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Eriya mai kyau sai tsawonta ya kai aƙalla rubu'in zango, wato mita 375 a kilohaz 200. Turken dogon zango na Folan ya kai mita 646, ya fi kowane gini tsawo a duniya har ranar da ya faɗi a 1991. Ga cin wuta, ga ƙarancin fili: dukan sashen da aka ware wa gidajen rediyo a dogon zango, daga kilohaz 153 zuwa 279, gurbi 15 ne kawai. Zango mai tsananin tsawo kuwa bai iya ɗaukar murya, sai rubutu a hankali. Waɗannan dalilai suka sa ƙasashen Turai da yawa suka rufe tashoshinsu.

Walƙiya, tashar da ba ta hutawa

Mai watsa dogon zango mafi girma ba ɗan'adam ba ne. A kowane sakan ana yin walƙiya kamar sau 45 a faɗin duniya, kowacce kuma tana sakin igiya mai ƙarfi cikin zauren nan. Ita ce ƙarar ƙas-ƙas da ke cika rediyo da damina tun hadari bai iso ba. Afirka ta fi kowace nahiya yawan walƙiya, musamman yankin Kwango. Wannan hayaniya ta fi damun dogo da matsakaicin zango, kuma tana cikin dalilan da suka sa aka ware wa ƙasashe masu zafi mitoci na musamman, 60 da 90 da 120. Rediyon Kaduna ya yi aiki a mita 60, kan kilohaz 4770.

A 1952 Winfried Otto Schumann na Jamus ya lissafa cewa igiyar da zangonta ya yi daidai da kewayen duniya za ta riƙa amo a cikin zauren. Haske na zagaye duniya sau bakwai da rabi a sakan, kuma da aka auna amon a 1960 sai aka same shi a wajen haz 7.8. Na'urorin da ke Turai da Amurka kan ga ƙarfinsa ya ƙaru a lokacin da hadarin la'asar ke tashi a Afirka.

Wani ɓangare na igiyar walƙiya kan tsere ta rufin, ya bi layin maganaɗisun duniya dubban kilomitoci, ya faɗo a ɗaya ɓarin duniya. Da yake sautuka masu tsini sun fi sauri a wannan hanya, sai a ji shi kamar fito mai gangarowa. Heinrich Barkhausen ya ji shi a wayoyin sojoji lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Owen Storey ya bayyana dalilinsa a 1953. Ta wannan fito aka gane cewa akwai elektiron a nisan da ba a zata ba, tun ba a harba tauraron ɗan'adam ko ɗaya ba.

Idan rana ta tunzura

Rana na da zagayen kamar shekara 11 na lafawa da tunzura. Idan ta yi aman wuta, haskenta na eksire kan iso cikin minti takwas, ya ƙara wa D kauri ya kuma danno ta ƙasa. Nan take gajeren zango ke ɗaukewa a ɓarin duniyar da ke fuskantar rana, na 'yan mintoci ko sa'o'i. Hans Mögel a 1930 da John Dellinger a 1935 ne suka bayyana wannan. A daidai lokacin kuma zango mai tsananin tsawo yakan sauya ƙarfi farat ɗaya, sau da yawa ya ƙaru, domin rufinsa ya sauko ya kuma ƙara kyau. Saboda haka mai sauraren tasha irin ta Cutler da ƙaramar na'ura yana iya gane aman rana daga cikin ɗaki. Bayan kwana ɗaya zuwa uku, ƙwayoyin da rana ta watso kan iso su girgiza maganaɗisun duniya. Irin wannan guguwa ce ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na sa'a tara a Maris 1989, an kuma ga wata babba a Mayun 2024.

Samaniyar da ke bisa kanmu

Layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu ya ratsa ta Najeriya, arewa da Ilorin. A kan wannan layi maganaɗisun a kwance yake, kuma hakan na haifar da abubuwan da babu su a Turai. Da rana, wani ƙaƙƙarfan kwararon lantarki mai faɗin kamar kilomita 600 na gudana zuwa gabas a tsayin kilomita 100 da ɗan wani abu. An fara lura da shi a tashar Huancayo ta Feru. Farfesa Cyril Onwumechili na cikin waɗanda suka auna shi a Najeriya tun daga Jami'ar Ibadan, ya kuma wallafa cikakken littafi a kansa a 1997. Haka nan ana ɗaga elektiron sama daga kan layin, su zubo arewa da kudu wajen digiri 15. Bayan faɗuwar rana kuma, musamman a watannin Maris, Afrilu, Satumba da Oktoba, F kan yi ramuka masu ƙarancin elektiron da ke rikita saƙon GPS. Mai safiyon ƙasa da matuƙin jirgi duk abin ya shafe su.

Taswirorin da duniya ke amfani da su wajen hasashen halin ayonosfiya an fi gina su da awon da aka yi a Turai, Amurka da Asiya, domin tashoshin awo sun yi ƙaranci a Afirka. Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya na da cibiyar nazarin iska a Anyigba, wasu jami'o'i kuma suna ƙoƙari, amma yankin da ya tashi daga Kaduna zuwa Agadas ya fi ƙarfin abin da ke akwai.

Kammalawa

Shugaba, ina da kira guda uku.

Na farko ga sassan kimiyyar lissafi da na injiniya a jami'o'i da kwalejojinmu. Sauraren zango mai tsananin tsawo ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Waya da aka naɗa a kan firam na katako, ƙaramar na'urar ƙara sauti, da kwamfuta sun isa. Jami'ar Stanford ta rarraba irin waɗannan na'urori ga makarantu a ƙasashe da yawa. Idan Sakkwato, Kano, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram kowacce ta ajiye guda, ana rubuta awo kullum shekara da shekaru, za mu mallaki bayanin da duniya ke nema ba ta samu ba.

Na biyu ga masu riƙe da gidajen rediyon gwamnati. FM ta kawo sauti mai kyau, amma iyakarta hangen turke. Makiyayi a daji, masunci a Tafkin Chadi da manomi a ƙauyen kan iyaka su ma 'yan ƙasa ne. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan maƙwabta saboda tsaro. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, ƙasashen Afirka ta Yamma suka shiga matsala. A irin waɗannan ranaku, babbar tashar matsakaicin zango da akwati mai batir ba sa jiran turken kowa. A gyara na'urorin da suka lalace, a auna yadda ƙasarmu ke ɗaukar lantarki da rani da damina, a kafa eriya a inda ya dace.

Na uku ga ɗalibai. Ku ɗauki akwatin rediyo ku zauna da shi daga la'asar zuwa isha'i. Ku rubuta tashar da ta fito, da lokacin fitowarta, da yadda ƙarfinta ya sauya, ku maimaita da hunturu da damina, sannan ku kawo wa malamanku ku nemi dalili tare. Appleton ma da tashar rediyo da ma'auni ya fara.

Allah ya sa wa iliminmu albarka, ya amfanar da al'umma da shi, ya mai da kowa gida lafiya.